Yadda ake fito da funfunar da ke zaune cikin bado da kainuwa, a kuma gane sunanta

Wata safiya a bakin ruwa a Yauri, ina tsugune ina zuba kainuwa a leda, wani dattijo cikin Sarkawa da ke gyaran birgi ya dube ni ya ce, "Malam, mi kaka biɗa ga kainuwa?" Na ce, "Baba, akwai mai rai a cikinta, shi nake nema." Ya karɓi ɗaya, ya yage ganyen, ya duba ciki da waje, bai ga komai ba. Da gaskiyarsa. Ganyen kore ne shar, babu tabo, babu ruɓa. Amma in aka wanke bayansa da kyau, aka yanka, aka ɗora a kan abincin da ya dace, cikin kwana uku zuwa mako biyu wani zare fari ko toka-toka zai ɓullo daga bakin yankan.

Wannan zaren funfuna ce, dangin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, dangin naman kaza kuma. Masana na kiran dangin gaba ɗaya fungai. Wadda ke zaune cikin tsiro mai lafiya ba tare da ta sa masa cuta a bayyane ba, ita ce endofait, kalmar da masanin Jamus Anton de Bary ya yi amfani da ita tun 1866. Ni ina kiranta 'yar gida, don a bambanta ta da baƙuwar da iska ko ruwa suka manna a bayan ganye. Duk wahalar aikin nan a kan wannan bambancin take. Na sha karanta aikin ɗalibi mai cewa ya fito da Aspergillus niger daga cikin bado, alhali ƙurar ɗakin gwaji ya noma.

Dalilin da ya sa muka damu da su a Kabi ba ɓoyayye ba ne. Ruwan da ke ɗauke da bado da burgu shi ne ke shiga fadamun shinkafa na Argungu da Suru da Birnin Kabi, kuma jinsunan Fusarium da Curvularia da Bipolaris da ke kwance shiru cikin ciyawar ruwa suna da 'yan uwa masu cutar da shinkafa. Akwai kuma ɓangaren amfani. A 2002 an nuna cewa wata Curvularia da ke cikin wata ciyawa a Yellowstone ta Amurka ita ke sa ciyawar jure zafin ƙasar da zai kashe ta in tana ita kaɗai. Wanda ya san bazarar Birnin Kabi ya san darajar irin wannan labari.

Tun daga bakin ruwa

Fara da gaida Sarkin Ruwa ko dattawan masunta, ka faɗi abin da ya kawo ka. Su suka san inda ruwa ke da zurfi da inda bado ya fi yawa. In za ka shiga kwale-kwale sa rigar kariya. Sa dogon takalmin roba da safar hannu, domin ruwa mai kwanciya da ciyayi nan ne mazaunin katantanwar da ke yaɗa tsargiya.

Zaɓi tsiro ɗaya ko biyu, kada ka yi haɗama. Bado shi ne Nymphaea lotus, kainuwa Pistia stratiotes, kachalla Typha domingensis, burgu kuma Echinochloa stagnina. Akwai baƙuwar ciyawar nan mai shuɗin fure da kumburarren kara, 'yar asalin Kudancin Amurka, da aka daɗe ana kira Eichhornia crassipes, yanzu kuma wasu ke rubuta ta Pontederia crassipes. Mutane da yawa suna haɗa ta da kainuwa a suna ɗaya, don haka kada ka dogara da sunan baki. Danne tsiro guda cikakke tsakanin jaridu, da furensa in akwai, ka busar, ka kai ma'ajiyar tsirrai ta jami'a, kamar ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ko ta Ahmadu Bello a Zariya, a tabbatar maka da sunan, a ba ka lamba.

Ɗauki masu lafiya kawai. Ganyen da ya yi rawaya, ko ƙwaro ya huda, ko yake da ɗigo, bar shi, domin abin da zai fito daga cikinsa mai yiwuwa cuta ce ko mai cin ruɓa. Ka ɗebo aƙalla tsiro goma a kowane wuri, da tazara tsakaninsu. Kainuwa, dashen Allah, tana yaɗuwa ne ta hanyar miƙa jijiya ta fitar da 'ya, saboda haka goma da ke manne da juna kusan tsiro ɗaya ne. Kowanne ledarsa daban, da 'yar takarda rubutacciya da fensir a ciki: rana, wuri, zurfin ruwa, ko yana gudu ko a kwance yake, ko akwai gonar shinkafa kusa. Sa su a kula mai ƙanƙara, amma ka shimfiɗa tsumma tsakani kada ganyen ya daskare. Ka fara aiki a kansu cikin sa'a 24. In suka kwana biyu cikin leda, funfunar waje ta soma kutsawa ciki, shi ke nan an gauraya.

Abincin da za ka ba ta

Wanda aka fi amfani da shi shi ne PDA, abincin dankalin Turawa da sukari da agar, wato garin da ke daskarar da haɗin. In na gwangwani ne, giram 39 a lita ɗaya ta tataccen ruwa. In babu, haɗa da kanka: fere dankali giram 200, yayyanka, dafa a ruwa kamar minti 30, tace da ƙyalle, zuba gulukos giram 20 da agar giram 15 zuwa 20, ka cika ruwan ya kai lita. Tsiron ruwa cike yake da bakteriya fiye da na tudu, don haka zuba maganin kashe bakteriya, kuloramfenikol, miligiram 50 zuwa 100 a kowace lita. Shi yana jure dahuwa. In siteriftomaisin ne sai bayan abincin ya huce.

A dafa a otokilef, tukunyar tururi ta ɗakin gwaji mai kashe ƙwayoyin cuta, digiri 121, minti 15. Tukunyar firesha ta girki tana yin aikin, ka ƙirga minti 15 zuwa 20 daga lokacin da ta fara huci sosai. Tare da abincin ka dafa kwalaben ruwan ɗauraya, da hantsaki, da takardar tsane ruwa naɗe cikin foyil. Idan kwalbar ta huce har kana iya riƙe ta ba ta ƙona ka, wato wajen digiri 45 zuwa 50, zuba kamar mililita 20 a kowane farantin Petri. Bar farantan su kwana biyu kafin ka taɓa su. Duk wanda ya fitar da wani abu a wannan lokaci, ka cire shi.

Wanke baya, inda aikin ke gyaruwa ko ya lalace

Manufa ita ce a kashe duk abin da ke bayan ganye, a bar na ciki da rai. In wankin ya yi rauni baƙi za su mamaye faranti, in ya yi ƙarfi 'yan gida su mutu.

Da farko wanke da ruwan famfo har laka da gansakuka su fita. Saiwa tana bukatar haƙuri da buroshi mai laushi. Sai ka jera kofuna shida da aka dafa. Na farko itanol mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, na biyu bilic, na uku itanol kuma, sauran ukun dafaffen ruwa. Don samun kashi 70 daga itanol mai kashi 96, auna mililita 73 ka cika da ruwa zuwa 100. Bilic ɗin kasuwa irin Jik ko Hypo, duba jikin kwalbar, galibi za ka ga kashi 3.5. In kashi 1 kake so, mililita 29 a cika da ruwa zuwa 100, in kashi 2 ne mililita 57. Sabuwar kwalba za ka saya, domin wadda ta daɗe a rana a gaban shago ƙarfinta ya ragu. Kuma a ranar aiki za ka haɗa.

Ma'aunin farawa shi ne minti ɗaya a itanol, minti ɗaya zuwa uku a bilic, daƙiƙa 30 a itanol, sannan ɗauraya sau uku. Na ce ma'aunin farawa domin wannan tsari an gina shi ne a kan ganyen tudu mai kauri, tsiron ruwa kuwa yana da nasa hali.

Karya karan bado ka ɗaga shi wajen haske. Za ka ga ramuka dogaye sun ratsa shi daga sama har ƙasa, yara ma kan busa iska ta ciki. Ta nan tsiron ke kai iska zuwa saiwarsa da ke cikin laka. In ka yayyanka karan ƙanana kafin wanki, bilic zai bi ramukan nan ya shiga ciki ya kashe abin da ka zo nema. Don haka wanke shi da tsawonsa, kamar santimita biyar ko shida, bayan an gama ka datse santimita ɗaya a kowane baki ka yar, ka yi aiki da tsakiya. Haka burgu, haka kachalla.

Kainuwa matsalarta daban. Ganyenta lulluɓe yake da gashi mai korar ruwa. Tsoma shi ka gani, zai yi ƙyalli kamar an shafa masa azurfa, saboda iskar da ta maƙale tsakanin gashin. Duk inda iskar nan take, bilic bai taɓa wurin ba. Ɗiga ɗigo ɗaya na Tween 20, wani sabulun ruwa na ɗakin gwaji, cikin bilic ɗin, ka riƙa jujjuya ganyen da hantsaki har ƙyallin ya ɓace. Ganyen da ke nutse ƙarƙashin ruwa kuma fatarsa siririya ce ƙwarai, ba ya jure wa abin da ganyen kachalla ke jurewa. Ba shi bilic mai kashi 1 na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya. In ganye ya fito fari fat ko ya yi laushi kamar dafaffen alayyafo, ka wuce gona da iri.

Shawarata ita ce ka sadaukar da makon farko ga gwaji. Ɗauki ganye iri ɗaya, kashi uku, ka ba su minti ɗaya, biyu, uku. Mafi gajeren lokacin da ya bar maka farantan shaida, waɗanda zan bayyana yanzu, da tsabta, shi ne naka.

Shaidu uku

Na farko: kafin ka yanka ganyen da ka wanke, danna shi a kan faranti sabo, gaba da baya, ka ɗage. Na biyu: ɗebi ɗan ruwan ɗauraya na ƙarshe, kamar mililita 0.1, ka baza a wani farantin. Na uku: buɗe faranti a gefenka tsawon lokacin da kake aiki, sannan ka rufe. In na farko ko na biyu ya tsiro, wankin bai yi ba, duk abin da ya fito a wannan zagaye ba za a kira shi ɗan gida ba. In na uku ya cika, iskar ɗakinka ce ke da magana.

Wata shekara cikin hunturu mun dasa faranti sittin na bado. Kwana huɗu duk suka yi baƙi ƙirin, har da wanda ba a sa masa komai ba. Taga ɗaya ce ba ta rufuwa sosai, ƙura ta shigo da ƙwayoyin Aspergillus. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ba za mu rubuta shi haka ba, tunda dai ya fito?" Na nuna mata farantin da babu ganye a kai. Muka dafa su duka muka zubar, muka koma bakin ruwa. Ya yi mana ciwo, amma da babu farantin nan na shaida da mun buga ƙarya da hannunmu.

In babu akwatin aiki mai tace iska, kada ka karaya. Rufe tagogi, kashe fanka, goge tebur da itanol, yayyafa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta, ka yi aiki da sassafe kusa da fitilar sifirit. Babban akwatin roba mai haske da aka huda wa ƙofofin hannu biyu yana taimakawa ƙwarai, sai dai ba a kunna wuta a cikinsa bayan an fesa itanol.

Tsane ganyen a dafaffiyar takarda, ka yanka da sabuwar reza gutsi-gutsi, milimita 3 zuwa 5. Ƙananan yanka sun fi fito da iri-iri, domin kowace funfuna ɗan wuri kaɗan take riƙewa cikin ganye. Ɗora huɗu ko biyar a faranti, da tazara. Ganye daban, kara daban, saiwa daban. Rubuta lamba a gindin faranti, ba a murfi ba, ka naɗe bakin da Parafilm ko ledar naɗe abinci.

Jira da tsamewa

Zafin da ake so digiri 25 zuwa 28 ne. A watan Maris da Afrilu, lokacin da Birnin Kabi ke haura 40, wannan babban al'amari ne. Funfuna da yawa suna tsayawa cak in zafi ya wuce 35, Aspergillus flavus da fumigatus kuwa lokacin suke jin daɗi. Ka ga zafin ɗaki kaɗai zai iya zaɓar maka sakamako. In wuta ba ta tsayawa balle inkubeta ta yi aiki, yi dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa. Sa farantan cikin leda a tukunyar ciki, tare da ma'aunin zafi, ka riƙa rubuta abin da ya nuna safe da yamma. Ka kuma kula da kiyashi, suna bin zaƙin abincin.

Duba kullum har mako uku ko huɗu. Abin da ya cika faranti cikin kwana biyu kamar auduga mai ɗigon baƙi, galibi Rhizopus ne, kuma abin zargi ne. 'Yan gida na ainihi sukan fito a hankali, daga bakin yanka. Da ka ga zare ya miƙo, kada ka jira ya haɗu da maƙwabcinsa. Ƙona allura ta yi ja, bar ta ta huce, yanko ɗan agar daga can ƙarshen zaren, ka kai sabon faranti. Maimaita har sai faranti ya zama abu ɗaya, launi ɗaya. Ba kowace lamba wadda za ta bi ta har ƙarshe, misali BD-S-07, wato bado, saiwa, ta bakwai.

Ba a shinshina faranti. Ba a buɗe mai ƙura a fili. Duk wanda aka gama da shi a dafa shi kafin a zubar.

Abin da ido ke gani

Dasa kowace a tsakiyar sabon PDA a rana ɗaya, ka siffanta su a kwana na bakwai. Auna faɗin tsiron da rula. Rubuta launin sama, ka juya ka rubuta na ƙasa, don sau da yawa na ƙasan ya fi faɗin gaskiya. Kamar auduga yake, ko karan-miski, ko gari? Yana da zobe-zobe? Ya rina abincin? Ɗauki hoto gaba da baya. Fari mai komawa ruwan hoda ko shunayya yana nuni ga Fusarium. Kore mai saurin yaɗuwa da zobba, Trichoderma. Kore mai duhu, ƙarami, mai baƙin gindi, Cladosporium. Wannan duk nuni ne kawai. Ka tara masu kama da juna rukuni-rukuni, amma kada ka sa suna tukuna.

Ƙarƙashin madubi mai girmama ƙananan abubuwa

Hanya mafi sauƙi ita ce ta salatif mai haske. Ɗiga rinin laktofinol mai shuɗi a gilashi, taɓa gefen tsiron da ɗan salatif a hankali, ka manna a kan ɗigon. Laktofinol guba ne, kada ya taɓa fata. In kana son ganin yadda ƙwayoyin iri ke zaune a kan sandarsu ba tare da sun warwatse ba, yi dabarar Riddell ta 1950: yanko agar murabba'i santimita ɗaya, ɗora a gilashi, shafa funfunar a gefuna huɗu, rufe da siririn gilashi, ajiye cikin faranti mai jiƙaƙƙiyar auduga kwana uku zuwa bakwai, sannan ka ɗage murfin ka ɗora a kan ɗigon rini. Fara kallo da idon madubi na 10, ka koma na 40.

Tambayar farko: zaren yana da gaɓoɓi kamar karan dawa, ko zarar yake kamar tiyo? In faffaɗa ne marar gaɓa, da ƙullutu mai cike da ƙwayoyi a kan sanda, Mucor ne ko Rhizopus, shi Rhizopus yana da 'yan saiwoyi a gindin sandar. Amma a tsiron ruwa akwai tarko. Pythium ma zarensa ba gaɓa, yana yawan fitowa daga saiwa, kuma shi ba funfuna ba ne ko kaɗan, danginsa sun fi kusa da wasu gansakukan teku. Kada ka sa shi a jerin fungai. In zaren yana da gaɓoɓi, kuma a kan gaɓar akwai ɗan lanƙwasa kamar hannun buta, ka samu ɗan dangin naman kaza. Mafi yawan abin da za ka samu dai masu gaɓa ne marasa wannan hannu.

Daga nan sai siffar ƙwayar iri. Aspergillus sanda ce mai kumburarren kai kamar ludayi, ƙwayoyi sun jeru a kai kamar carbi. Penicillium ba shi da kumburin, kansa ya rarrabu kamar tsintsiya. Fusarium ƙwayarsa doguwa ce mai lanƙwasa kamar lauje ko kwale-kwale, marar launi, da gaɓoɓi uku zuwa biyar a yawancinsu. Curvularia ruwan ƙasa ce, galibi ɗaki huɗu, ɗaya daga na tsakiya ya kumbura ya fi duhu, shi ya sa ta karkace. Bipolaris ta fi ta tsawo da yawan ɗakuna, kuma in ta tsiro ta kai biyu take fitar da zare. Alternaria kamar kulki take, an raba ta a tsaye da a kwance kamar ginin bulo, suna jeruwa a sarƙa. Nigrospora ba ta da wuyar ganewa, ƙwallo ɗaya baƙi wuluk a kan ɗan kumburi. Pestalotiopsis ɗaki biyar, uku na tsakiya masu duhu, da gashi biyu ko uku a ka. Colletotrichum kan tara ƙwayoyinsa cikin ɗigo mai ruwan lemo a kan faranti, wani lokaci da baƙaƙen ƙayoyi a tsakani. In kuma ka ga ƙwaya mai hannu huɗu kamar ƙafar kaza, ka yi murna: irin funfunar ruwa ce da C. T. Ingold ya bayyana a Ingila a 1942, hannuwan na taimaka mata maƙalewa a jikin ganye cikin ruwa mai gudu.

Auna ƙwayoyi 20 zuwa 30, tsawo da faɗi, da ma'aunin cikin idon madubi. Zana abin da ka gani da fensir ko da ka ɗauki hoto, domin zane yana tilasta maka ƙirga gaɓoɓi. Sannan ka bi mabuɗin ganewa, irin na littafin Barnett da Hunter.

A nan zan tsaya in ja kunne. Madubi yana kai ka ga jinsi, wato sunan farko kamar Fusarium, da wuya ya kai ka ga nau'i, wato suna na biyu kamar oxysporum. Abin da a da ake kira Fusarium oxysporum ko Colletotrichum gloeosporioides ko Aspergillus niger, yanzu an san kowannensu tarin nau'o'i ne masu kama ɗaya. In madubi kaɗai gare ka, rubuta Fusarium sp., wato wani nau'in Fusarium, ka tsaya nan. Wannan ba gazawa ba ce, iyakar abin da shaidarka ta nuna ke nan.

Waɗanda suka ƙi fitar da iri

Za ka samu da dama da zare kawai suke yi. Yunwa ce ke sa funfuna haihuwa, PDA kuwa ƙoshi ne. Mayar da ita kan agar da ruwa zalla, ka ɗora mata dafaffen guntun ganyen da ta fito daga ciki. Ba ta haske sa'a 12, duhu sa'a 12, kusa da taga amma ba cikin rana ba. Karce fuskar tsiron da allura. Wasu sai an nutsar da guntunsu cikin dafaffen ruwa na 'yan kwanaki. In an yi wata biyu ba labari, ba ta lambar rukuni ka rubuta ta a matsayin marar iri. Kada ka yar da ita, sau da yawa cikin irinsu ake samun abin da ba a saba gani ba.

Tabbatarwa da DNA

A 2012 masana suka amince da wani yanki na DNA da ake kira ITS a matsayin lambar shaidar fungai. Ana ninka shi ta hanyar PCR, dabarar kwafar DNA da yawa, da mafarai biyu, wato gajerun guntayen DNA da kwafar ke farawa da su, ITS1 da ITS4, waɗanda White da abokan aikinsa suka wallafa a 1990, tsawonsa kuma yakan kama haruffan DNA 500 zuwa 700. Aikin yana cin kuɗi, saboda haka zaɓi wakili ɗaya ko biyu daga kowane rukuni. Ka tabbata tsiron tsantsa ne kuma matashi, ɗan kwana biyar zuwa bakwai, kafin a ciro DNA ko a aika ɗakin gwajin da ke karantawa.

Idan sakamako ya dawo, nemi hoton tsaunukan karatun, wato zanen da na'ura ke fitarwa mai tsauni ɗaya ga kowane harafi, ba haruffa kaɗai ba. In tsaunuka sun hau kan juna, funfuna biyu ce a farantin. Datse farko da ƙarshe inda karatun ya rikice, ka sa a BLAST, manhajar da ke kwatanta jerinka da waɗanda ke GenBank, rumbun jerin DNA na intanet. Kada ka ɗauki sunan da ya zo a sama ka rufe kwamfuta. Kowa na iya zuba jeri a GenBank, kuma akwai masu sunan kuskure da yawa. Tace binciken ya tsaya kan samfuran asali da aka raɗa wa nau'i suna da su, ka kuma gwada a UNITE, rumbun jerin ITS na fungai. In nau'i biyar sun zo da kamanni kashi 99 ko 100, ITS ya kai iyakarsa, sai a ƙara wani yanki: TEF1 ga Fusarium da Trichoderma, kalmodulin ga Aspergillus, beta-tubulin ga Penicillium, GAPDH ga Curvularia da Bipolaris da Colletotrichum. In DNA ta ce Alternaria, madubi ya nuna lauje, to an yi musayar kwalba a wani wuri, koma baya ka duba.

Jera su cikin danginsu

Kamar yadda mutum ke da gida da zuri'a da ƙabila, haka suke. Ƙarshen suna ke nuna mataki: mycota babban reshe, mycetes aji, ales rukuni, aceae iyali. Fusarium tana cikin Nectriaceae, Hypocreales, Sordariomycetes, Ascomycota. Curvularia da Bipolaris da Alternaria 'yan ɗaki ɗaya ne, Pleosporaceae, Pleosporales, Dothideomycetes. Aspergillus da Penicillium suna Aspergillaceae, Eurotiales, Eurotiomycetes. Rhizopus yana Mucoromycota.

Tsofaffin littattafai suna da wani aji wai Deuteromycetes, an daina amfani da shi. Haka kuma daga 1 ga Janairun 2013, bisa shawarar taron Melbourne na 2011, funfuna ɗaya suna ɗaya gare ta. Cochliobolus lunatus da Curvularia lunata abu ɗaya ne, kada ka ƙirga su biyu. Duba kowane suna a Index Fungorum ko MycoBank, rumbunan sunayen fungai na intanet, kafin ka rubuta.

Lissafin yawan zama kuma mai sauƙi ne. A ce ka dasa yanka 100 na saiwar bado, 18 suka fitar da Curvularia, yawan zamanta a saiwa kashi 18 ne cikin 100. Yi wa ganye da kara nasu daban, ka rubuta har da adadin yankan da ba su fitar da komai ba. Ka kuma faɗi watan da ka ɗebo, domin bado na damina da na rani a ruwa ɗaya ba lallai su ba ka abu ɗaya ba.

Saura ajiya. Kwalba mai karkataccen agar a firij, digiri 4, tana bukatar sabuntawa duk wata uku zuwa shida, kuma tana bukatar wuta. Wadda ta fi dacewa da mu ita ce hanyar Castellani ta 1939. Yanko gutsattsarin agar biyar ko shida daga gefen matashin tsiro, zuba cikin ƙaramar kwalba mai murfin murɗawa da ke da dafaffen tataccen ruwa, rufe gam, ajiye a inuwa. Da yawansu suna yin shekaru a haka. Yi kwalba biyu ga kowace lamba, ɗaya a wurinka, ɗaya a wani ɗakin gwajin daban, ka rubuta lambar da fensir a takarda ka manne da salatif, domin tawadar maka tana gogewa da zarar itanol ya taɓa ta.